Aikin kamfani ko motar Alhaji? Direbobin tirela sun ɓarke da muhawara

Abu Safwan: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka min. Shekarata shida ina jan DAF ɗin wani Alhaji a Dawanau, mu kai hatsi kudu mu dawo da abin da Allah ya hore. To yanzu wani kamfanin dakon kaya ya kira ni, an gwada ni tuƙi na ci. Motocinsu sababbi ne dal, Howo, kwantena suke ɗaukowa daga tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas zuwa Kaduna da Kano. Ga sharuɗɗan da suka gindaya min: albashi duk ƙarshen wata, kuɗin sawu daban, gas su za su auna su zuba, mota da tiraka a jikinta, wato na'urar bibiyar mota daga ofis, ba ɗaukar fasinja ba ɗora kayan wani, sannan in kawo mutum biyu su tsaya min, ɗaya ma'aikacin gwamnati, ɗaya mai takardar gida. Hajiyarmu ta ce in karɓa, ko ba komai an san ranar albashi. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu.

Sarkin Birki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka saka hannu a komai, ka tambaye su abu ɗaya: kuɗin sawun nan daga wace rana yake fara ƙirguwa? Ni na yi shekara uku a irin wannan kamfani, ba labari aka ba ni ba. Sawu a wurinsu shi ne daga lokacin da aka ɗora maka kwantena zuwa lokacin da aka sauke. Kwanakin da ka yi kana jiran lodi kuwa sadaka ka yi. Akwai lokacin da na yi kwana tara a layi kafin in shiga tashar jirgin ruwa. Kwana tara ina cin taliya da wake da kuɗina, ina sayen ruwan wanka a bokiti, ina biyan yaran unguwa don kada a kwance min batir. Da na dawo Kano na kai lissafi ofis, yarinyar da ke kan kwamfuta ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce babu gurbin wannan a fom.

Ɗan Autan Gareji: Amma Yaya ai yanzu Apapa ta yi sauƙi tun da aka kawo Eto, tsarin kiran mota shiga tasha ta intanet.

Sarkin Birki: Ta yi sauƙi, ban musa ba. Tun 2021 da aka fara kiran mota ta intanet layin nan da yake kaiwa har kan gada ya ragu. Sai dai jira bai mutu ba, ƙaura ya yi. Da a bakin titi kake jira, yanzu a gareji kake jira a kira lambarka. In ka fito ka kai kaya kuma, mai kayan ya ajiye ka kwana uku a ƙofar sito wai babu leburori, ko manaja ya yi tafiya da makulli. Kamfani yana cajin mai kaya kuɗin riƙe mota, wannan na gani da idona a takarda. Kai da aka riƙe tare da motar ko sisi.

Abban Khalifa: Salamu alaikum. Ni ba direba ba ne, motoci nake kula da su a wani kamfani, sama da arba'in ne a hannuna, kuma na san yau zan sha suka a nan. Amma a bari in faɗi nawa. Malam Sarkin Birki ya faɗi gaskiya kan jira, mu ma ciwon kanmu ne. Abin da bai faɗa ba shi ne dalilin da ya sa ake auna gas, ake saka tiraka. Ku da kanku kun san me ake yi da jarka da tiyo da tsakar dare a Ogere da Tafa da Mararrabar Jos. Na taɓa ba direba mota da sababbin tayoyi, lambar kowace taya tana rubuce a littafina, ya je sawu biyu ya dawo min da huɗu 'yan gwanjo an shafe su da baƙin mai suna ƙyalli. Motar nan bashin banki ce. Mai kaya sai ya yi wata biyu, wani uku, bai biya mu ba, gas kuwa kuɗi hannu muke saya, kuma kowa ya san yadda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi tun 2022. Ba mugunta ce ta sa muke ƙirga lita ba.

Sarkin Birki: Oga, ƙirga lita ba laifi ba ne. Da me ka ƙirga ta, shi ne magana. Ku a ofis taswira kuke dubawa, ku ce Legas zuwa Kano kilomita dubu da ɗoriya, ku raba, ku zuba. Taswira ta san ramukan Bida zuwa Lambata? Ta san za ka yi awa shida a giya ta biyu kana lallaɓa tan talatin kamar mai ɗauke da ƙwai? Ta san wata tirela za ta faɗi ta tare hanya ka kwana injin yana aiki don iskar birki? Ranar da gas ya ƙare min kafin Kaduna na kira ofis, ce min aka yi in saya za a duba. Da wata ya ƙare aka duba, aka rubuta cewa na ci gas fiye da ƙima, aka zabge rabin albashina. Kuɗin da na saya da aljihuna kuma har yau ana dubawa.

Abban Khalifa: Wannan zalunci ne, ban goyi bayansa ba. Mu muna ƙara lita da damina.

Sarkin Birki: Allah ya saka maka. Ku nawa ne?

Baba Na Mararraba: To yara, ku dakata tsoho ya sa baki. Jikana ne yake rubuta min, ni faɗa nake. Na fara yaron mota tun zamanin Shagari, na karɓi sitiyari zamanin da ake bin Birnin Gwari a ɓulla Tegina da tsakar dare ba abin da kake tsoro sai barci da ramin hanya. Na yi wa 'yan kasuwa tuƙi, na yi wa kamfani biyu.

Abban Khalifa, ɗana, ka yi gaskiya, ana sayar da gas. Ni ban taɓa musun wannan ba ko a gaban Alhazawa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka ɗauki magidanci mai 'ya'ya shida ka damƙa masa motar miliyoyi da kayan miliyoyi, ka ba shi kuɗin hanya da ka san ba za su wuce shinge goma ba alhali shingayen sun fi a ƙirga, kowa da sandarsa mai ƙusa da rasit ɗinsa, wannan na ƙaramar hukuma, wancan na jiha, wancan ma bai san na wa ba ne. In kuɗin hanya suka ƙare a Ilori me kake so ya miƙa a Jebba? Tankin gas shi ne bankinsa. Ban ce halal ba ne. Na ce ku kuka gina masa bankin.

Amma Abu Safwan, ni ba gas ne damuwata a kanka ba. Barci ne. Duk inda aka ce kuɗinka yana kan yawan sawu, to an saka wa barcinka farashi ke nan. Kowace awa ka kwanta za ka ji kamar kuɗi ne ke zuba daga aljihunka. Bari in ba ka nawa. Wata shekara ina kamfani, ana gobe jajiberin Sallah, ina son in cike sawu na huɗu a wata. Na taso daga Ibadan ban runtsa ba kwana biyu, goro a kumatu, yarona yana ta zuba min ruwa a ƙeya. Mun gangaro za mu hau gadar Jebba da asuba, sai na ga garken shanu farare sun cika titi. Na taka birki iya ƙarfina, motar ta yi kuka, bodi ya murɗo kamar zai wuce kai. Yaron ya ce Oga lafiya? Na ce ba ka ga shanu ba? Ya ce waɗanne shanu? Babu ko akuya a titin. Idona biyu nake mafarki. Na gangara gefe na kashe mota, hannuna yana rawa har na kasa buɗe ƙofa. Na kwanta a ƙarƙashinta ban farka ba sai da rana ta take. A Mokwa na yi Sallar Idi cikin kayan aiki.

Yaran yanzu in suka kai wannan gaɓar ba sa gangarawa, ƙwaya suke ƙarawa. Tiramol ba ya kashe barci, ɓoye shi yake, ranar da zai fito kuma ba ya sallama.

Na Jamus: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni ɗan zangon Kumasi ne, ina tuƙin babbar mota a nan Turai. Abin da Baba ya faɗa shi ne dokar nan ta kama. Ba ka wuce awa huɗu da rabi kana tuƙi sai ka huta minti 45, a yini kuma awa 9, ana ɗan ƙara awa ɗaya sau biyu a mako. Akwai na'ura a mota da katinka a ciki, tana rubuta komai, 'yan sanda su tare ka su karanta. In ka karya, kai da kamfanin duka za a ci tara. Shi ya sa manaja ba ya iya kiranka ya ce ka daure ka ƙarasa.

Sarkin Birki: Ɗan'uwa na Jamus, dokarku ta yi kyau. To ni in na taso daga Kaduna ta Birnin Gwari awa huɗu da rabi ta cika min a tsakiyar daji, sai in faka in shimfiɗa tabarma in jira masu garkuwa su kawo min shayi? 😂

Na Jamus: Haha, a'a wannan kam ka wuce. Mu akwai wurin fakin a kan hanya da banɗaki da wurin wanka, shi ne bambancin.

Ɗan Autan Gareji: Mu ma akwai wurin wanka, bayan taya ta baya da buta.

Abban Khalifa: Ku bar raha, tirakar da kuke zagi ita ce irin na'urar da yake faɗa. Ni ina ganin direban da ya yi awa goma sha huɗu bai tsaya ba, in kira shi in ce ya faka. Kuma Road Safety ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a awa a babban titi mai hannu biyu, na'urar rage gudu ma dole ce tun wajen 2017.

Baba Na Mararraba: Ɗana, tsakaninka da Allah, sau nawa ka kira direba ka ce ya tsaya, sau nawa kuma ka kira ka ce me ya tsayar da shi?

Abban Khalifa: Baba ka kama ni. Na biyun ya fi yawa. Mai kaya ne yake hura min wuta, ni ma in hura wa direba.

Maman Ummi: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri mace ta shigo maganar maza, da wayar maigidana nake karantawa ya ce in rubuta da bakina. Yayanmu Abu Safwan, ban san gas ba ban san taya ba, abin da na sani shi ne ranar da aka kira ni. Shekara biyu ke nan motarsa ta faɗi da shi wajen Lokoja, birki ya tsinke a gangare, kuma sau biyu yana rubuta musu cewa birkin yana wasa aka ce ya je ya dawo a gyara. Yaron motarsa ne ya kira ofis. Wallahi tambayar farko da aka yi masa ita ce kwantenar ta buɗe? Kafin magariba sun turo motar ja da masu gadi. Shi kuwa direbobi 'yan'uwansa ne suka yi karo-karo suka kai shi asibiti, ƙafa ta karye biyu. Kamfani ya biya kuɗin aikin farko, ya ba da albashin wata biyu, daga nan waya ta daina shiga. Na sayar da gadona da keken ɗinkina. Yanzu yana tafiya da sanda, yana sayar da man juye a bakin tasha.

Ban ce kar ka je ba. Lokacin da yake aikin, duk wata ina ganin alat ko yana ina, ban taɓa zuwa gidanmu roƙon cefane ba. Amma ka tambaye su, in ka faɗi wa zai ɗauke ka.

Abu Safwan: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya Hajiya, ya mayar muku da alheri. Jikina ya yi sanyi.

Barista: Maman Ummi, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ku ba ni dama in faɗi abin da doka ta ce, don yawancin abin da ake yi wa direbobi ana yi ne saboda an san ba su sani ba.

Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, daga aljihunsa, ba daga albashinku ba. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko ya naƙasa, ko iyalan wanda ya rasu, daga nan ake biyan su. Abin da ya sami maigidanki shi ne ainihin abin da aka yi dokar dominsa. Ku nemi lauya ko ku je ofishin ƙwadago na jiharku da duk takardar da kuke da ita, har da saƙon da ya tura kan birkin in yana nan, kuma kada ku ƙara jinkiri don irin wannan neman yana da wa'adi.

Kan yanke albashi da Malam Sarkin Birki ya faɗa: dokar ƙwadago ba ta yarda mai aiki ya ci ma'aikaci tara yadda ya ga dama ba. In asara ce ta ganganci ko sakaci, sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na albashi. Rabin albashi da aka zabge maka ya saɓa doka ƙarara. Haka kuma dole a ba ka takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama kuma dole ya yi maka fansho, shi kashi 10 kai kashi 8.

Ga inda ake yi muku wayo: mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon aikin da ya yi ba, haka wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Shi ya sa wasu suke rubuta ka a matsayin ɗan kwangila, ko su ɗauke ka ta hannun wani ƙaramin kamfani da ba ka taɓa ganin ofishinsa ba. Abu Safwan, ka duba sunan da ke saman takardar, shi ne sunan da ke jikin motar?

Sarkin Birki: Barista, doka tana Abuja, mu muna Ogere. Wa zai bar sawu ya je kotu ya yi shekara biyu?

Barista: Akwai kotun ma'aikata musamman don wannan, kuma ba kowace magana ce take kai wa gaban alƙali ba. Wasiƙar lauya ɗaya takan sa wayar da ta daina shiga ta fara shiga. Amma ban ce da sauƙi ba.

Ɗan Konni: Ina gaida mutanen Najeriya. Na ga an taru an danne kamfani, bari in ɗan ɗaga shi. Lokacin juyin mulkinmu na Yulin 2023 da aka rufe iyaka, ina cikin waɗanda suka maƙale tsakanin Illela da Konni. Wasu a Jibiya, wasu a Malanbil ta wajen Benin, motoci jere ba iyaka, albasa tana ruɓewa a cikin bodi har ba ka iya tsayawa kusa. Sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A watannin nan na ga bambanci da idona. Direbobin kamfani biyu da muke tare da su albashinsu yana shigowa, ko da an rage. Mu na motar Alhaji, da kamasho muke ci, mota ba ta motsa ba, ba ko dala. Maigidana mutumin kirki ne, ya aiko min da buhun gero gida sau ɗaya, amma shi ma kansa yake nema. Alhaji yana da kunya, kamfani ba shi da ita. Sai dai kunya ba ta da ranar biya.

Abu Safwan: Wannan haka yake. Alhajina shi ya yi min kayan lefe, da matata ta haihu shi ya sayi rago. Amma in kasuwa ta mutu sai mu yi wata guda mota na fake, sai ɗan abin da ya miƙo. Kuma gaskiya abin da yake riƙe ni a wurinsa shi ne ɗan lodin da nake ƙarawa a hanya da fasinjan da nake ɗauka, ya sani yana kau da kai.

Abban Khalifa: Ka ga wannan fasinjan saman kaya shi ne ba za mu taɓa yarda da shi ba. Duk sanda ka ji tirela ta faɗi mutum talatin sun mutu, ka bincika, mutane ne aka ɗora kan buhuna ko aka haɗa da shanu.

Ɗan Baba Karen Mota: Iyayena ku gafarce ni, tun ɗazu ana magana ba wanda ya ambaci yaron mota. Shekarata huɗu ina bin oga na a motar kamfani. A takardarsu babu ni. Ni nake ɗaure tamfol, ni nake sa waigi in an tsaya a hawa, ni nake kwana a ƙasan mota sauro yana cina don kada a zare gas ko a kwance fitila, ni nake cire taya da rana tsaka. Abin da oga ya ba ni daga kuɗin sawunsa shi ne nawa. In aka yanke masa, ni ma an yanke min. In muka faɗi, shi ko wata biyu za a ba shi, ni ce musu za a yi ba su san da ni ba. Yaya Abu Safwan in ka je ka tambaya har da mu.

Baba Na Mararraba: Yaro ka yi gaskiya, Allah ya ba ka taka motar. Duk direban da ke nan daga ƙarƙashin mota ya fito, amma da mun hau sama sai mu manta.

Mai Tanka 45: Matsalarku ku masu busasshen kaya ba ku da haɗin kai. Mu direbobin tanka muna da ƙungiyarmu PTD ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur, in muka ajiye makulli kwana biyu sai layin mai ya kai bayan gari, dole a zauna da mu. Ku kuwa kowa tasa ta fisshe shi. NARTO da kuke ji a rediyo ta masu motoci ce, in ta yi yajin aiki kuɗin dako take nema wa iyayen gidanku.

Sarkin Birki: Kai Malam, ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a kowane lodi? Mu ma muna biyan tikiti a kowace tasha, ranar da ka faɗi ba ka ganin kowa.

Mai Tanka 45: Ka iya bakinka. Ka taɓa jan lita dubu arba'in da biyar na fetur a bayanka? Ka ga tankar da ta fashe a Majiya a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka mutu, ga ta Dikko a Janairun 2025. Mu da mutuwa muke kwana, ba kwantenar taliya ba.

Sarkin Birki: Kowa da mutuwa yake kwana a titin nan. A 2021 da aka toshe hanyar Bida kan lalacewarta ai tare muka faka, ba ku kaɗai ba. Haka da masu kayan abinci da shanu suka daina kai kaya kudu bayan rikicin Shasha, motocin wa aka ajiye har tumatir ya gagari mutanen Legas?

Admin: Jama'a a sassauta. Bawan Allah shawara ya nema, ba gasar wa ya fi shan wuya aka buɗe ba. Wanda ya sake zagi zan cire shi.

Baba Na Mararraba: Ku bar faɗan, akwai abin da kowa ya tsallake. Abu Safwan, takardar gidan wa za ka kai?

Abu Safwan: Ta kawuna ce Baba, ƙanin Hajiyarmu. Gidan da yake ciki da iyalinsa.

Baba Na Mararraba: To nan ne maganar take. Mai Tanka ya ambaci Majiya. Ka san halin mutanenmu yanzu, mota tana faɗuwa kafin ka fito daga gilashi an fara wawason kaya, wai ganima, kai kuma kana gudun ranka don kada a ce ka take wani a ƙone ka. In aka kwashe kwantena guda, wa zai biya? In amsar ita ce mai tsaya maka, to ba aikinka kaɗai ka kai kamfani ba, ka kai har da rufin asirin kawunka. Na san gidan da zumunci ya watse a kan haka, 'yan'uwa ciki ɗaya ba sa gaisawa har yau.

Barista: Baba ya taɓo wuri mai muhimmanci. Kamfanin kirki yana da inshorar kayan da ke kan hanya, ban da ta mota. Mai tsayawa ya kamata ya tsaya ne kan sata ko gudu da kaya da aka tabbatar direba ya yi, ba kan hatsari ko fashi ba. Ka karɓo fom ɗin ka kai wa wanda zai karanta maka shi layi-layi kafin kawu ya dangwala.

Abban Khalifa: Ka kuma tambayi direbobinsu, ba manaja ba. Je ka garejinsu da yamma ka zauna wurin mai shayi. Ka duba tayoyin motocin da suka shekara biyu, ba sababbin da aka jera a gaba ba. Ni kaina in zan canza wurin aiki haka zan yi.

Abu Safwan: Salamu alaikum, na dawo. Jiya na je kamar yadda kuka ce, na sha shayi kofi uku a garejin. Direbobin sun ce albashi ba ya wuce biyar ga wata, wannan sun yabe su. Jira kuma ana biyan kuɗin abinci daga kwana na huɗu. Yaron mota ba sa saka shi a takarda, manajan ya ce wannan tsakanina da shi ne, ka yi haƙuri Ɗan Baba, na tambaya. Da na ambaci NSITF sai ya kalle ni ya ce wa ya aiko ni, daga baya ya ce suna biya, na ce a nuna min ya ce in na fara aiki. Sunan da ke kan takardar ɗauka ba shi ne na jikin mota ba, Barista. Fom ɗin kawu kuma an rubuta duk wata asara, ba a ware hatsari ba. Na ɗauki hotonsa zan turo maka ta gefe. Kawu ya ce ba zai sa hannu ba sai ka gani, Hajiya kuma tana fushi da ni wai na tsaya jin maganar mutanen waya.

Barista: Turo. Kalmar duk wata asara ita za mu nemi su gyara, in sun ƙi ka san inda ka tsaya.

Maman Ummi: Ka gaida Hajiya, ka ce mata wata 'yarta ta ce ta ƙara haƙuri kwana biyu.

Sarkin Birki: Gas fa, lita nawa suka ce?

Abu Safwan: 500 zuwa Kano, ta Bida.

Sarkin Birki: Rani da damina?

Abu Safwan: Kai, wannan ban tambaya ba.

Sarkin Birki: Koma ka sha shayi na huɗu.